Shan sigari a gidan kallon ƙwallo: me doka ta ce, kuma wa za ta kama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan kallon ƙwallo, rufin kwano ne da bangon langa-langa, yana cin mutum kusan ɗari idan ana babban wasa. Ƙanina yana sayar da shayi da Indomie a bakin ƙofa. Akwai wasu samari da ke kunna sigari a ciki, in na yi magana sai su ce ai kuɗinsu suka biya, kuma wai babu dokar da ta hana a Najeriya, sai a ƙasar Turawa. Da gaske ne? In na ware musu bencin baya kusa da taga, na fita haƙƙin sauran mutane?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, samarin nan ba su faɗa maka gaskiya ba, ko kuma su ma ba su sani ba, wanda shi na fi zato. Doka tana nan daram, kuma ta fi kama ka, kai mai wuri, fiye da yadda ta kama su.

Sunanta Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa. Shugaba Goodluck Jonathan ne ya sa mata hannu a watan Mayun 2015, ana saura 'yan kwanaki ya sauka daga mulki, sannan a 2019 aka fito da ƙa'idojin aiwatar da ita bayan Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta amince da su. Ba ma ita ce ta farko ba. Tun 1990, zamanin Janar Babangida, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, aka kafa dokar soja mai lamba 20 wadda ta hana shan taba a gidajen silima, ofisoshi, motocin haya, asibitoci da makarantu, tararta kuwa daga naira 200 ta fara. Ka ga ke nan tun ba a haifi yawancin samarin naka ba aka haramta abin a rubuce. Jihar Legas tana da tata dokar daban tun 2014, Nijar ta yi tata a 2006, Ghana kuma ta sa tata a cikin dokar lafiyar jama'a ta 2012.

Sashe na 9 na dokar 2015 shi ne wanda ya shafe ka. Ya hana shan taba a rufaffen wurin da jama'a ke shiga ko ake aiki a ciki, in ban da keɓaɓɓen wurin da aka tanada bisa ƙa'ida, kuma zan dawo kan wannan togaciyar don a nan tambayarka ta biyu take. Ya hana a abin hawa na haya, har mai ƙafa uku irin adaidaita sahu dokar ta ambata, balle jirgin ƙasa da na sama. Ya hana a harabar makaranta da asibiti da gidan renon yara. Bai tsaya a cikin gini ba: wurin da ake sayar da abinci ko abin sha, filin wasan yara, filin ƙwallo, tashar mota, duk suna ciki ko da a sarari suke, haka ma abin da bai kai mita biyar ba daga ƙofa ko tagar wurin jama'a, ko daga inda mutane suka yi layi. Akwai ma wani yanki da ba kowa ya sani ba, wanda ya bi mutum har gidansa: in akwai ɗan ƙasa da shekara 18 a gidan, ba a yarda ya sha ba sai a ɗakin da shi kaɗai ke zama a ciki.

Kada ka ce ai naka ba gini ba ne, langa-langa ne. A ƙa'idar da ƙasashen duniya suka amince da ita a 2007, ƙarƙashin yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya wadda Najeriya ta shiga a 2005, rufaffen wuri shi ne duk inda yake da rufi ko bango, da siminti aka yi shi ko da buhu, na dindindin ne ko na wucin gadi. Gidan kallonka yana da rufi, yana da bango, jama'a suna shiga, yaronka mai karɓar kuɗi a nan yake aiki, ga teburin shayi a ƙofa. Ta ko'ina aka duba ya shiga.

Hukuncin wanda ya sha a inda aka hana shi ne tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko ɗaurin da bai gaza wata shida ba, ko a haɗa masa duka biyun. Na mai wurin da ya zuba ido ya fi wannan nauyi, a tara da kuma ɗauri. Abin da dokar ta ɗora maka a bayyane yake: ka liƙa alamar hana shan taba inda kowa zai gani, ka kuma yi iya ƙoƙarinka wajen hana wanda ya kunna. Ka ce ya kashe. In ya ƙi, ka ce ya fita. In abin zai zama faɗa, ka kira hukuma. Saboda haka ranar da ka ce wa wani ya kashe sigarinsa, ba shisshigi ka yi ba, wajibin da ke wuyanka ka sauke. Kuɗin da ya biya kuwa na kallo ne, kuma wanda ke gefensa ma ya biya.

Dokar ba ta hana baligi shan tabarsa ba, wannan tsakaninsa ne da lafiyarsa da Ubangijinsa. Abin da ta hana shi ne ya tilasta wa wani ya sha tare da shi. Dalilin yana da kyau ka riƙe shi, don shi ne zai fi yi maka amfani in gardama ta tashi. Hayaƙin sigari iri biyu ne: wanda mai sha ya zuƙa ya fesar, da wanda ke tashi daga bakin karan yana ci a hannu tsakanin zuƙa da zuƙa. Na biyun nan shi ne mafi yawan abin da ke cika ɗaki, bai bi ta audugar gindin sigarin ba, kuma da yake wutarsa ba ta kai zafin ta lokacin zuƙa ba, wasu gubobin sun fi yawa a cikinsa. A hayaƙin taba akwai sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna jawo cutar kansa. Tun 1981 wani likita ɗan Japan, Takeshi Hirayama, ya fitar da sakamakon bin diddigin mata sama da 90,000 da ba sa shan taba, ya nuna waɗanda mazajensu ke sha sun fi mutuwa da kansar huhu. Kamfanonin taba sun yi ta ƙoƙarin rushe binciken, amma waɗanda suka biyo baya sai suka ƙara masa ƙarfi. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2006 ya ce wanda ke shaƙar hayaƙin wasu a gida ko wurin aiki, haɗarin ciwon zuciyarsa yana ƙaruwa da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, na kansar huhu kuma da kashi 20 zuwa 30. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan ɗaya da ba sa sha ne ke mutuwa duk shekara ta wannan hanya.

Mutane sun fi jin tsoron kansa, amma ni zuciya ta fi damuna, don ita ba ta jiran shekaru. Hayaƙin yana sa ƙwayoyin da ke haɗa gudan jini su yi danƙo, yana kuma taɓa santsin cikin jijiyoyi, kuma an auna wannan canjin a jikin masu lafiya bayan zaman rabin awa kacal cikin hayaƙi. Wasa ɗaya minti casa'in ne ban da hutu, ranar Asabar kuwa wani sai ya kalli uku a jere bai tashi ba. Dattijon da ke da hawan jini, da mai asma, da yaran nan da ke zube a ƙasa gaban talabijin, da mai yawo da fiya wata tsakanin bencuna, duk iska ɗaya suke shaƙa. Wanda ya fi kowa shaƙa kuwa shi ne wanda ke wurin kullum, wato kai da yaronka.

To, batun bencin baya. Amsa ita ce a'a, ba ka fita ba, a doka da kuma a lafiyance. In uwargida ta sa turaren wuta a lungun ɗaki, ba lungun kaɗai ke ɗauka ba, har labule da kayan da ke rataye a ƙofa sai sun kama. Hayaƙin sigari haka yake tafiya. Mu masu aikin duba-gari mun saba shiga irin waɗannan wurare da dare. Ka tsaya a gefe ka dubi hasken talabijin, za ka ga hayaƙin ya yi shimfiɗa a saman kawunan mutane tun daga baya har gaba, fanka tana ta juya shi. Fanka ba ta fitar da komai, rarraba shi take yi. Tagar da kake dogaro da ita kuma ba kullum take fitar da iska ba, rabin lokaci shigo da ita take yi, sai ta turo hayaƙin cikin jama'a. Ko na'urorin tace iska masu tsada da manyan otal-otal ke sakawa, ƙungiyar injiniyoyin iska da sanyaya gini ta Amurka da kanta ta ce ba sa kawar da haɗarin. Sukan rage wari, shi ya sa mutane ke ɗauka an magance.

Keɓaɓɓen wurin da dokarmu ta yarda da shi ba benci ba ne. Ƙa'idojin 2019 sun gindaya sharuɗɗa a kan inda za a yi shi, yadda za a gina shi, da yadda iskarsa ba za ta haɗu da ta sauran wurin ba, kuma duk inda ba a iya cika su ba, to an hana shan taba a wurin gaba ɗaya. Gidan kallo na langa-langa ba zai cika su ba, kada ma ka ɓata kuɗinka. In ka tambaye ni, wannan togaciyar ita ce babbar ɓarakar dokar. Yarjejeniyar da muka sa wa hannu cewa ta yi a hana ɗari bisa ɗari a rufaffen wuri, mu kuma sai muka bar 'yar kafa. Mai babban otal ya samu abin fakewa, jami'in da ya je dubawa kuma sai ya tsaya gardamar bututun iska maimakon ya duba abu ɗaya mai sauƙi: akwai mai sha a ciki ko babu?

Tunda samarin sun kawo maganar Turawa, bari mu je can. Ayalan ce ƙasar farko da ta hana shan taba a duk rufaffun wuraren aiki, har da mashaya, a watan Maris na 2004. An yi ta cewa ba za ta yiwu ba, sai ga shi ta zauna cikin ƙanƙanin lokaci. Sikotlan ta bi a 2006, Ingila a ranar 1 ga Yulin 2007. A Sikotlan an duba asibitoci tara, aka ga waɗanda ake kwantarwa saboda bugun zuciya da dangoginsa sun ragu da kashi 17 cikin ɗari a watanni goman da suka biyo bayan dokar, kuma kusan kashi biyu bisa uku na raguwar a cikin waɗanda ba sa sha ne. Wannan shi ne hujjar da ta fi gamsar da ni. Ba wani sabon magani aka kawo ba, ba a gina asibiti ba, iskar ɗaki kawai aka gyara.

Za ka ce, to in dokar tana nan, me ya sa ba ka taɓa ganin an kama kowa ba? Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan kare gwamnati ba. An yi shekara huɗu tsakanin sa hannu da fitowar ƙa'idoji. Asusun da dokar ta kafa don wannan aiki bai taɓa samun kuɗin kirki ba. Ba a yi yekuwar da ta dace ba, shi ya sa mutum mai sana'a irinka sai ya yi tambaya kafin ya san da ita. Sannan akwai abin da nake ganin kuskure ne a tsarin hukuncin kansa. A Ingila wanda aka kama yana sha fam 50 ake yanka masa nan take, ya biya ya wuce, mai wurin kuwa tararsa tana iya kaiwa fam 2,500. Ƙaramin hukunci ne mai tabbas a kan mai sha, babba a kan mai wuri. Mu kuwa muka ce aƙalla naira 50,000 ko wata shida a gidan yari saboda karan sigari ɗaya, kuma sai an je kotu. Wane ɗan sanda ne zai ɗauki ɗan acaba ya kai shi gaban alƙali a kan wannan? Hukuncin da ya yi tsanani har aka ji nauyin zartar da shi, ƙarshensa ko dai a manta da shi, ko ya zama abin tsoratarwa a karɓi na goro.

Amma ko a can, ba 'yan sanda ne suka tsayar da dokar ba. Masu wurare ne suka tsayar da ita, da jama'ar da suka daina jin kunyar cewa malam don Allah kashe. Jami'ai nawa za a ɗauka su tsare kowane gidan kallo da kowace rumfar mai shayi a gari kamar Kano? Dokar irin wannan a hannun mai wuri take rayuwa, kuma amfaninta gare ka shi ne ta ba ka abin jingina: ba kai ka ce ba, doka ce ta ce.

Na san abin da ke ranka ko ba ka faɗa ba, tsoron kada su koma gidan kallon maƙwabcinka. Yi lissafi. Binciken ƙasa da aka yi a 2012 a kan manya ya nuna kashi 5.6 cikin ɗari ne ke amfani da taba kowace iri, wato mutum miliyan 4.5, a cikin maza kuwa ɗaya cikin goma. Ko da a ce a cikin masu zuwa kallo adadin ya ninka haka, har yanzu mafi yawan masu ba ka kuɗi ba sa sha. Su ba sa gardama, ba sa ɗaga murya. Ranar da abin ya ishe su daina zuwa kawai suke yi, ba za ka ma san dalili ba. Akwai uban da ya hana ɗansa zuwa wurinka don ya dawo gida riga tana warin taba, ya ɗauka shi ne ya sha. Hukumar binciken kansa ta duniya ta tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban a 2009, ta ce irin waɗannan dokoki ba sa durƙusar da cinikin gidajen abinci da wuraren shaƙatawa.

Yadda zan ba ka shawarar ka ɓullo wa abin: kada ka fara ana tsakiyar wasa, lokacin da jini ya hau kuma an ci ƙungiyar mutum. Ka samu babban cikinsu da rana, ku biyu, ka gaya masa cewa daga ranar kaza ba za a ƙara sha a ciki ba, kuma kai za a kama in an zo. Ka sa a rubuta da fenti a ƙofa da jikin bango, da Hausa, da hoton karan sigari an ja masa layi, don takarda ba ta kwana biyu. Mai karɓar kuɗi ya riƙa faɗa tun a ƙofa. Ka nuna musu inda za su je, a waje, nesa da ƙofa da taga da teburin shayi fiye da mita biyar, kamar taku bakwai na babban mutum, ka ajiye musu gwangwani da yashi a ciki saboda guntaye. Wanda ya fita lokacin hutun rabin lokaci a bar shi ya dawo ba tare da sabon biya ba. Wannan 'yar alfarmar tana kashe rabin rigimar. Abin da zai rushe maka komai shi ne togaciya. Ranar da ka ƙyale abokinka ko wani mai kuɗi ya kunna, ka gama. In kuna da ƙungiyar masu gidajen kallo a unguwa, ku yanke shawarar tare ku fara rana ɗaya, sai ya zama babu inda za a gudu.

Ƙaninka ma ka ja masa kunne in yana ajiye sigari a teburinsa. Dokar ta hana sayar da ita kara-kara, sai kwali mai ashirin a rufe, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Na san kowane lungu ana sayar da kara ɗaya, ba sai an faɗa mini ba. Amma hikimar hanin a fili take: yaron da ba zai iya sayen kwali ba yana iya sayen kara da canjin aike, kuma mafi yawan mashaya tun suna samari suka fara. Yaron da ya zo ya ce babansa ko yayansa ne ya aiko shi, shi ma ba a ba shi.

Shisha kuwa taba ce, duk abin da na faɗa ya hau kanta. Ruwan da hayaƙin ke bi ta ciki sanyaya shi yake yi, ba ya wanke gubar, ga kuma gawayin da ke kai yana ƙara iskar nan mai kisa irin wadda janareta ke fitarwa. Ƙanshin tuffa ko na'a-na'a ne ke sa a raina ta. Ruwanda da Kenya sun haramta ta gaba ɗaya a ƙarshen 2017. In wani ya zo maka da tayin ya ajiye tukunyar shisha a gefe ku raba riba, ka ce masa a'a.

Jihohi suna da ikon yin dokar da ta fi ta tarayya tsauri, don haka ka leƙa sashen lafiya na ƙaramar hukumarku ka tambayi jami'in duba-gari ko akwai ƙarin sharaɗi a jiharku. Wataƙila ma ka samu alamar da za ka liƙa a wurinsu. In kuma wata rana wasu suka zo da sunan aiwatar da wannan doka, ka nemi katin shaidarsu da sunan ofishin da ya turo su, ka karɓi takardar gargaɗi ko sammaci in sun ba ka. Tarar da ke cikin dokar tarayya kotu ce ke yanke ta bayan an tabbatar da laifi, ba kuɗi ba ne da ake ƙirgawa a hannu a bakin ƙofa.